Maɓallin Tsalle Ya Maƙale

A rumfar tsofaffin kayan lantarki, wata mata ta ajiye jakarta gaban mai rumfar.

"Malam, akwai kaset ɗin gem, wasan talabijin ɗin nan na da, na asali?"

"Hajiya, wa ke neman kaset yanzu? Ga filas, gem dubu goma a ciki, kusan kyauta."

"Na sata ke nan. Maigidana ya ce ko na halak ko a haƙura. Tsohuwar na'ura ya saya da arha, ya haɗa ta da talabijin ɗin da muka daina kallo, ya cusa su a akwati. Kaset kuma ɗaya bayan ɗaya muke saye."

"Kafinta ne ya yi akwatin?"

"Wane kafinta? Kabad ɗin kwanukana ne! Unguwa na je, na dawo na tarar ya yanke masa ƙofa, ya kafa maɓallai ja da shuɗi. Mutum da furfurarsa, wai don yara ya yi."

"Sai haƙuri, Hajiya."

"Haƙurin nake yi. Haɗa min da maɓalli ɗaya, na tsalle ya fara maƙalewa. Ana isa mataki na tara, wajen gadar nan mai wuta, sai ya ƙi dannuwa."

"Har na tara? Lallai Alhaji ya ƙware!"

"Shi? Ko na uku bai taɓa wucewa ba."

"To, yaran ne ke nan."

"Suna makarantar kwana."

Mai rumfar ya ƙura mata ido yana murmushi.

"Malam, sa min a leda. Ka cika tambaya."