Banda a Cikin Falo

KAMILA: Salamu alaikum. Inna, kina ji na?

INNA: Wa alaikumus salam. Wace ce? Muryar kamar daga cikin rijiya.

KAMILA: Ni ce, Kamila.

INNA: Amaryar Gwarzo. Yau an tuna akwai kaka a Kabo ke nan. Ina wuni?

KAMILA: Ni ya kamata in gaishe ki ai. Ina wuni, Inna? An yi Sallah lafiya?

INNA: Lafiya ƙalau. Ya hidima?

KAMILA: Alhamdulillahi. Ya ƙafar taki?

INNA: Tana nan inda kika bar ta. Ya Muntari?

KAMILA: Lafiya lau. Ya tafi Dugabau kai wa su Hajiyarsa nama, sai yamma zai dawo.

INNA: Madalla. Ya ruwa? Mu nan jiya ya sauka sosai, har zauren Datti ya yi yoyo.

KAMILA: Mu ma mun samu. Ya su Kawu Dattin? Ya Zinnira mai jego?

INNA: Duk lafiya. Jaririn ya yi kumatu, sai ci kamar ubansa. Ke tarin me kike yi haka?

KAMILA: Ba komai, ƙura ce.

INNA: Ƙura da damina?

KAMILA: Inna, dama wata 'yar tambaya ce. In ana bandar nama, hayaƙin wane iri ya kamata ya fita?

INNA: Fari-fari, siriri, yana tashi a hankali.

KAMILA: To in baƙi ne fa? Mai kauri?

INNA: Wannan sunansa gobara. Wa ke banda?

KAMILA: Ni ce. Wato ba ni ba, injin ne.

INNA: Wane inji kuma?

KAMILA: Maigidan ne ya sayo a Kano kafin Sallah. Kamar ƙaramin firji yake, baƙi, da ƙofa. A jera nama a ciki, a zuba masa ɓarɓashin itace, a jona shi da lantarki, shi ke nan ya yi banda da kansa.

INNA: Ikon Allah. Yanzu har hayaƙi sai an jira 'yan wuta sun kawo. Me kika sa a ciki?

KAMILA: Wutsiyar ragon, wadda za mu ajiye ta cika-ciki. Ke kika ce duk matar da watan Muharram ya kama ba ta da wutsiyar layya a rataye, ba ta san gida ba.

INNA: Na faɗa, kuma ina kan bakana. Wutsiyar kaɗai?

KAMILA: Da ɗan kitse. Na ga akwai wuri, sai na ƙara.

INNA: Ɗan kitse nawa?

KAMILA: Na ragon.

INNA: Duka?

KAMILA: Ai wurin da yawa, Inna.

INNA: To matsa daga kusa da shi, iska ta kwashe hayaƙin. A wane gefen tsakar gidan kika ajiye shi?

KAMILA: Halo? Inna, layin yana yankewa.

INNA: Layin lafiyarsa ƙalau. Na ce a ina kika ajiye shi?

KAMILA: A falo.

INNA: A ina?

KAMILA: A falo, bayan kujera. Nan ne soket yake. Wayarsa ma ba ta kai ba, sai da na haɗa da 'yar wayar nan da muke cajin waya.

INNA: Kamila, ni na sayi labulen falon nan. Da kuɗin akuyata na saya. Buɗe taga.

KAMILA: In na buɗe Hajaratu za ta gani.

INNA: Wace Hajaratu?

KAMILA: Maƙwabciyarmu, wadda katangarmu ɗaya. Ranar da aka sauke injin daga mota ta leƙo ta ce, oh, amarya ba ta iya hura wuta ba an sayo mata mai hurawa. Matan layin nan suka yi ta dariya. Shi ya sa ma na rufa masa bargo, kar hayaƙin ya fita su ji.

INNA: Bargo.

KAMILA: Ai ke kika koya mini. In ana banda ana rufawa da buhu don hayaƙi ya zauna.

INNA: A tsakar gida na koya miki, a kan ramin ƙasa, da jiƙaƙƙen buhu, ina zaune a gefe da sanda. Ban koya miki da bargon aure ba. Janye shi yanzu, ina ji.

KAMILA: Da zafi.

INNA: Sa muciya.

KAMILA: Na janye. Inna, tsakiyarsa ya narke, ya yi rami kamar faifai.

INNA: Jefa shi waje. Kin jefa? To buɗe ƙofar injin ki gaya mini abin da kika gani.

KAMILA: To bari in... Innalillahi! Inna, wuta ce, har ta taso mini!

INNA: Rufe. Rufe shi maza. Kin rufe?

KAMILA: Na rufe.

INNA: Wannan shawarar tawa ba ta yi ba, iska na ba ta. Kar ki sake buɗewa ko ni na ce ki buɗe. Ta taɓa ki?

KAMILA: A'a. Ina jin ƙaurin gashi dai.

INNA: Gashi yana tsirowa. Shi abin ba shi da inda kitse yake ɗiga ne? Ko kaskon suya ai yana da gindi.

KAMILA: Akwai wani faranti a ƙasa.

INNA: To ya cika ke nan.

KAMILA: Ba ya ciki. Na ga yana da kyau, mai sheƙi, sai na zuba wa baƙi cincin a ciki jiya.

INNA: Kin zuba cincin.

KAMILA: Akwai wani kwano ma da aka ce na ruwa ne. Na ce banda bushewa ake so, me ya kawo ruwa. Shi na zuba wa alawa.

INNA: Wato kitsen rago guda yana zuba a kan ƙarfen da ya yi ja, kwanukan kuma suna karɓar baƙi. Allah ya shirye ki. Me kike ja haka? Ina jin ƙarar bokiti.

KAMILA: Ruwa zan watsa masa.

INNA: Ajiye. Kitse ne ya kama, in kika zuba masa ruwa tashi zai yi ya bi ki. Haka aka yi ranar suyar bikin uwarki, wata Altine ta watsa wa kasko ruwa, rumfa guda ta tafi.

KAMILA: Kuma ma da lantarki a jikinsa, na manta. Zai ja ni.

INNA: Au, har yanzu yana jone? Me kike jira? Zare shi.

KAMILA: Wayar ta yi laushi, Inna, tana wari kamar ana ƙona roba. Soket ɗin ma ya yi baƙi.

INNA: Kar ki taɓa. Ba ku da wani wurin da ake kashe wutar gidan gaba ɗaya? Mu namu yana zaure, Datti yake ja in ana tsawa.

KAMILA: Akwai, kusa da mita. Amma maigidan ya ce kar in riƙa taɓawa.

INNA: Injin ma ya ce ki taɓa?

KAMILA: Ya ce in jira ya dawo mu karanta takardar tare.

INNA: To tunda kin fara saɓa masa, ƙarasa. Hannunki a bushe yake?

KAMILA: Na taɓa bokiti.

INNA: Goge a zaninki. Sa takalmi. Tafi.

KAMILA: Ina tafiya... Halo? Inna?

INNA: Ina nan, ina zan je da ƙafar nan.

KAMILA: Na ja shi ƙasa. Fanka ta tsaya.

INNA: Alhamdulillahi. Yanzu kar ki koma ɗakin. Tsaya a bakin ƙofa ki leƙa. Me yake yi?

KAMILA: Hayaƙi yana fita ta saman. Akwai 'yar wuta a ƙasa, inda kitsen ya biyo ƙafar injin ya zuba a kan leda. Tana matsawa wajen labule.

INNA: Kira Hajaratu.

KAMILA: Inna, don Allah.

INNA: Kira ta.

KAMILA: Wallahi har Sallah mai zuwa ba za su daina ba ni labari ba. Zan iya da kaina, akwai yashi a ƙofar gida na masu gini.

INNA: Ki ɗebo yashi da hannu biyu, waya a kunne, ciki wata huɗu?

KAMILA: Wa ya gaya miki?

INNA: Na haifi tara, sai an gaya mini? Tun zuwanki na azumi na gani. Saurara, 'yar nan. Dariya ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba. Ko ki ɗaga murya ki kira ta, ko ni in ɗaga tawa daga Kabo, kuma kin san za ta ji.

KAMILA: Maman Zayyad. Maman Zayyad, don Allah ki ɗan zo.

INNA: Wannan kiran kike yi ko gaisuwar suruka? Ce gobara.

KAMILA: Maman Zayyad, gobara!

INNA: Yawwa. Ashe da murya.

KAMILA: Ga ta nan ta katanga... ta ce buɗe ƙofa... Inna, su uku ne, har da mai koko. Sun ɗebo yashi a kwanon wanki.

INNA: Ki gaya musu ban da ruwa, kuma kar wadda ta buɗe ƙofar injin.

KAMILA: Ta ce ta sani. Ta fizge labulen ta yar a waje. Suna zubawa... Inna, har a kan kafet ɗina suke zubawa.

INNA: Su zuba. Ke matsa can wajen rariya ki sha iska. Kin matsa?

KAMILA: Na matsa.

INNA: Yi ta salati. Halo? Kamila? Kar ki yi mini shiru, shirun nan ba na son sa.

HAJARATU: Salamu alaikum. Inna ce? Ni ce Hajaratu, maƙwabciyarta. Ina wuni, Inna?

INNA: Lafiya lau, 'yata. Wutar fa?

HAJARATU: An yi Sallah lafiya? Ya gida, ya jikoki?

INNA: Duk lafiya. Wutar fa, Hajaratu?

HAJARATU: Ta mutu. Ta ƙasan mun binne ta da yashi, ta cikin kuma ta shaƙe da kanta tunda ƙofar a rufe take. Mun bar shi nan ya huce, in ya yi sanyi maza su fitar da shi tsakar gida, inda ya kamata a ce yana tun farko. Leda ta ƙone kamar faɗin tabarma, bayan kujera ya yi baƙi, silin ya sha hayaƙi. Labule dai gefe ɗaya ne wuta ta ɗan lasa.

INNA: Bar labule. Duba mini yarinyar. Hannunta, fuskarta.

HAJARATU: Hannu lafiya. Fuska ma lafiya, sai dai girar hagu ta tafi yawon Sallah.

INNA: Numfashinta fa? Ba ita kaɗai ba ce, kin gane.

HAJARATU: Na gane tun tuni, Inna, duk layin nan mun gane. Tana numfashi lafiya. In tarin bai tsaya ba zuwa la'asar da kaina zan raka ta asibiti.

INNA: Allah ya yi miki albarka. Kuma ki ji, maganar da kika yi ce ta sa ta shige ɗaki da abin nan. Yarinya ce, baƙuwa a garinku.

HAJARATU: Wasa nake yi mata wallahi. Ni da na so in roƙe ta aron injin ma, kunya ta hana ni.

INNA: To yanzu kin ga yadda ba a yi da shi. Kafin kowa ya sake jona shi, mai gyaran wuta ya zo ya canza soket ɗin nan, a nemo masa waya mai kauri, a mayar masa da kwanukansa. Kuma mutum ya zauna a gabansa har ya gama. Ba ni ita.

KAMILA: Inna.

INNA: Kuka kike?

KAMILA: Me zan ce masa in ya dawo? Falon duk yashi.

INNA: Ki ce masa ya tarar da gida a tsaye da mata a ciki. In yana da ƙarin tambaya ki ba shi lambata. Kina ina yanzu?

KAMILA: Na shigo in ga kujerar.

INNA: Fita. Ki yi kukanki a tsakar gida, ɗakin da sauran hayaƙi.

KAMILA: To. Inna, katina ya kusa ƙa...

INNA: Na ce kin fita? Kamila? Halo?