Dodo Mai Takobi a Ɗakin Jira

A ɗakin jiran asibiti, wani tela ya ƙura wa wasan da ke cikin waya ido, yana shirin dannawa. Matar da ke gefensa ta leƙo.

"Malam, kada ka danna! Ka ga takobin da ke hannun dodon nan? Sara ɗaya yake fille kai, komai ƙarfin jarumarka."

"Ai ba tawa ba ce, Hajiya, ta 'yata ce. Wata uku tana lallaɓa ta cikin kogon nan. Da za a shiga da ita tiyata ta miƙo min wayar, ta ce, 'Baba, riƙe min ita.' Ni kuwa na yi ta dannawa."

"Har ka kai ta bakin yanka."

"Wallahi! In an sare ta, ba ta tashi?"

"Rai ɗaya ne a wasan nan. Daga farko 'yarka za ta soma."

Tela ya share gumi. "To ta ina zan gudu?"

"Ba gudu. Dodon ba ya motsi sai ka motsa. Ajiye wayar kawai, haka zai tsaya da takobinsa har 'yarka ta farka."

Ya ɗora wayar a cinya kamar ƙwai, ya sauke numfashi.

"Allah ya saka da alheri! Amma Hajiya, ke ina kika san wannan?"

"A kan wannan bencin marigayi maigidana ya ba ni riƙon tasa jarumar. Ni ban samu mai gaya min ba."