Inji ɗaya, yara biyu

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Rahila, uwar Tabita da kuka gani tana rabon littattafan waƙa ɗazu.

Kun san ciwon daji ya kama ta a cinya, aka tura mu asibitin Yamai daga nan Madarumfa. An cire ƙarin, amma miki ya ƙi rufewa, don maganin dajin da ake sa mata ta jijiya ya raunana jikinta. Kullum ruwa yana zuba. In za a wanke mikin, fita nake, ba na iya jin kukanta.

Kusa da gadonmu akwai wata tsohuwa mutuniyar garin Gabi, Baba Indo, tana jinyar jikanta Lawali. Shi ma mikin daji gare shi, a gadon baya. Musulma ce, amma ta riƙe ni kamar ɗiyarta. In ta dama fura sai ta ce, "Uwar Tabita, sha. Mai jinya ba ya zama da yunwa."

Wata rana dokotoro ya gaya mana akwai wani inji. Ana sa soso cikin miki, a liƙe da leda, a haɗa tiyo, injin ya riƙa tsotse ruwan a hankali har nama ya tsiro. Guda ɗaya ne ya rage.

Na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, a ba tawa!" Ina faɗa ina kallon Lawali yana barci.

Aka sa wa Tabita. Miki ya soma ja, ya soma haɗewa, wari ya tafi. Lawali kuwa sai baya yake yi, har ya rasu.

Wayyo, ƴan'uwa! Ɗiyata na warkewa, ni abinci ya ƙi shiga. Dokotoro ya ce mini dajin yaron bai fita daga mikin ba, ba a sa wa irin wannan inji. Na ji da kunne, zuciya ba ta ji ba. Na kasa yi wa tsohuwar nan gaisuwa, na ɓuya bayan ɗaki.

Can ta same ni, da ƙullin kayanta a ka.

"Ɗiyata, me na yi miki?"

Na fashe da kuka. "Baba, na roƙi Allah a ba tawa, ban ko ambaci naki ba."

Ta sauke kayan. "To ni me kike tsammani na roƙa? Kwanansa ne ya ƙare. Tashi ki koma wajen yarinya."

Bayan ta tafi na sake durƙusawa. Na ce, "Yesu, ka ga ƙarantar zuciyata, ka gafarta mini." Ranar ce na iya duban fuskar ɗiyata ba tare da kunya ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu in motarmu ta bi ta Gabi, gabana faɗuwa yake.

Amma ina godiya ga Allah da ya rufe mikin Tabita, bai kuwa yashe ni ba. Ku dogara gare shi. In kuna roƙa wa naku, ku ambaci na gadon kusa. Ku sa Baba Indo cikin addu'arku yau. Amin!