Shafin Cigiya

A kan wani benci a Brighton Beach, unguwar waɗanda suka yi hijira daga Tarayyar Sobiyet, wata mata ta leƙa jaridar Rashanci da wani tsoho ke karantawa.

"Baba, shafin cigiya kake dubawa? Ko ka san Naum Gurvits ɗin nan da ake nema?"

"Ban san shi ba. Wa ya turo ki?"

"Ba kowa."

"Haka kuke cewa. Tun zamanin Sobiyet da shafin nan ake farautar waɗanda suka gudo. Wai dangi!"

"Ni na ba da cigiyar. Kawuna ne. Ƙanwarsa Fira ce ta haife ni a birnin Odesa."

"Ƙarya kike! Fira ko aure ba ta yi ba lokacin da na..."

Tsohon ya naɗe jaridar.

"Lokacin da ka yi me, Kawu?"