Shahon da bai taɓa cin tsako ba

A bencin jiran likita, wani mai kiwon kaji yana rungume da hannunsa da aka ɗaure. Tsohuwar da ke kusa da shi ta daɗe tana kallon hannun.

"Sannu, ɗan nan. Babur ne?"

"Ina ma babur ne, Inna. Daga kan rufi na faɗo, garin korar shaho. 'Yan tsakina yake wa shawagi."

"Babba ne?"

Ya so ya ce babba, amma kunya ta hana shi. "Bai fi tantabara ba. Bayansa ja-ja, fukafukai masu tsini."

"Yana tsayawa cak a sama yana kaɗa fukafukai, kamar an rataye shi da zare?"

"Shi ne, wallahi!"

"Ai wannan baƙo ne. Bayan damina yake zuwa daga nesa, kafin ruwa ya sauka ya koma. Fara yake ci, sai ɗan ƙadangare. Ni ma na yi ta jifansa da murfin tukunya, har na kore shi, sai fara ta cinye mini alayyafo tas, na zauna ina zagin kaina."

Mutumin ya dubi hannunsa.

"To, tsako nawa ya ɗauke maka?"

"Ko ɗaya tukuna."

"Alhamdu lillahi, ashe suna nan lafiya."

Ya sosa ƙeya da hannun mai lafiya. "Inna, ai a kan akurkin na faɗo."