Sunan Mai Haƙar Rijiya a Takardar Jikarsa

A bencin mai gyaran waya, wani dattijo ya leƙa takardun da matar gefensa ke bi da jan biro.

"Malama ce ke? Kun hana mu sakat. Jikata ta ce malamarsu ba ta ba da amsa, sai tambaya: me ke sa ruwan rijiya zartsi? Wai su nemo a intanet."

"Haka muke yi yanzu, Baba. Su bincika, su kawo hujja. Ta samo?"

"Shafi uku ta samo, biyu na ƙaryata juna. Sai ta tsare ni, tunda haƙar rijiya ce sana'ata. Na kai ta bakin rami, na sa ta ɗanɗana ƙasar. Ta rubuta sunana ƙarƙashin na wani farfesa."

Malamar ta danne murmushi. "To, mu daina damun ku?"

"Wa ya ce ku daina? Shekara arba'in ina cikin rami, ba wanda ya taɓa tambayata da biro a hannu. Sai dai sunana ya kamata ya zo sama. Farfesan nan bai taɓa shiga rijiya ba."