Inda Babu Nauyi

A ɗakin jira na asibiti, talabijin na nuna masana suna shawagi a cikin tashar sararin samaniya. Wani dattijo a keken guragu ya juya wajen matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, kin ga aikinsu? Ƙwayoyin zarra suke sanyayawa har su kusa daina motsi. A ƙasa faɗuwa suke kafin a gama dubawa, shi ya sa aka kai su inda babu nauyi."

"Malami ne kai, Baba?"

"A da. Na koyar da kimiyya har hannuna ya kasa ɗaga alli."

"Irin ciwon maigidana ke nan, na tsoka, gadonsa ya yi. Yana ciki wurin likita."

"Yana yawan barcin rana? Yana mance saƙo?"

"Wannan kuma halinsa ne. Shekara goma sha ɗaya ina fama. Sau biyu yana mance 'yarmu a makaranta. Lalaci ne kawai."

"Ba lallai ba. Wani irin ciwon yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ba tsoka kaɗai ba. Ki tambayi likita. Ni ma haka matata ta yi ta cewa lalaci ne, har ta bar ni ta tafi."

Matar ta murza hannun jakarta.

"Jiya na kwashe kayana zuwa gidan yayata," ta ce. "Rakiya kawai na yi masa yau."

Aka buɗe ƙofar likita. Matar ta miƙe ta tari ma'aikaciyar jinyar da ta fito.

"'Yar'uwa, zan iya shiga? Ni ce matarsa."